Wa Ya Ɗauki Maganin Tela?

Ƙarfe takwas na safe bai cika ba ihu ya tashi daga ɗakin ƙarshe na gidan hayar, ɗakin da Tela ya yi wata biyar a kwance. Matan gidan suka fito a guje, kowacce ta ɗauka ta Allah ta kasance. Amma Tela na nan da ransa, ya dunƙule a kan katifa yana nishi sama-sama. 'Yarsa ce ke ihun, wadda duk unguwa ke kira Malama, don a firamare take koyarwa kafin ta ajiye aiki ta zauna jinya. Tana tsaye gaban ƙaramin kabad ɗin da ke jikin taga, hannu biyu a ka. An yage ragar tagar daga waje, an ɓalle murfin kabad ɗin, kwalbar maganin mahaifinta kuwa ko sama ko ƙasa.

Ba ƙaramin magani ba ne. Ciwon daji ya ci ƙasusuwan Tela, likitoci sun ce abin da ya rage sai dai a rage masa raɗaɗi. Na ruwa ne, mai ƙarfin gaske, a kwalba mai ruwan ƙasa. Ba a samun sa a kemis. Wata ma'aikaciyar asibiti ce, Sista, take kawo shi da hannunta, a kulle shi a kabad, makullin yana wuyan Malama.

Mai Gida, wanda gidan hayar nasa ne, ya leƙa ɗakin, ya dubi tagar, ya yi tambaya ɗaya.

"Ina Auta?"

Auta ƙanin Malama ne, ɗan shekara ashirin da bakwai. Shekara huɗu ya yi yana shan maganin tari da ƙwaya, har keken ɗinkin ubansa ya sayar, har an taɓa tsintar sa a bakin kwata kumfa na fita a bakinsa. Wata tara ke nan da fitowarsa daga cibiyar da ake raba mutane da ƙwaya, kuma tun daga nan ba wanda ya gan shi da komai. Amma mutane ba sa mantuwa.

"Ban san inda ya tafi ba," in ji Malama.

"Mai hali ba ya fasa halinsa," wata mata ta faɗa daga baya.

Kafin a ce haka samarin layin sun taru a ƙofar gida, wasu da gora a hannu.

* * *

Matar Mai Gida ce ta aika a kira Mai Sawu. Tsoho ne siriri, ya yi shekara talatin yana gadi a wata babbar gonar kiwo, in an saci dabba shi ke bin sawu har ya kai ga inda aka ɗaure ta. Yanzu gwiwa ta hana shi tafiyar nesa, amma idon bai tsufa ba. Kuma abokin Tela ne tun suna samari.

Ya iso yana dogara sanda, ya tarar Mai Gida na ƙoƙarin buga wa 'yan sanda waya.

"Dakata tukuna," ya ce. "In suka zo, yaron nan za su ɗauka, ko shi ne ko ba shi ba ne. Ba ni zuwa ƙarfe biyu."

"Baba, in wani ya mutu a gidana fa?"

"In wani zai mutu, gara mu san ko wane ne tun yana numfashi. Yanzu kowa ya tsaya inda yake. Kada ƙafar kowa ta taka bayan gidan nan."

An yi ruwa da asuba, ya ɗauke wajen ƙarfe bakwai saura. Ƙasa ta yi laushi kamar an shimfiɗa takarda. Mai Sawu ya zagaya shi kaɗai, yana bin gefen katanga. A ƙarƙashin tagar Tela ya durƙusa da ƙyar. Sawun takalmin roba ne, irin dogon nan na shiga ruwa, babba, dugadugin dama yana da tsaga. Ya daɗe yana kallo. Ya auna tsakanin taku da taku da sandarsa, ya sake aunawa, ya girgiza kai.

Da ya dawo tsakar gida sai ga takalman a jingine a bakin ƙofar ɗakin Tela, taɓo ɗanye a jikinsu. Ya juya na dama. Tsagar tana nan.

"Na wa ne?"

"Na Auta ne!" Mutum uku suka amsa lokaci guda.

Samarin ƙofar gida suka fara hayaniya. Mai Sawu ya ajiye takalmin. Ya je bakin get ya sunkuya, ya dubi wani sawun daban, na takalmin kambas, wanda ya fita ya yi gabas. Wannan duk ɗigon ruwan sama ya huhhuda shi. Ya ajiye abin a ransa, ya shiga ɗakin mara lafiya.

* * *

Ɗakin na warin man zafi da fitsari da sabulu. Tela ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun turo riga. Gumi ya jiƙa matashin kai.

"Abokina, sannu."

"Yauwa," Tela ya amsa ta cikin haƙora.

"Ka ji motsi a tagar nan?"

"Na juya wa bango fuska. Ban ga kowa ba."

"Ban ce ka gani ba. Na ce ka ji?"

Tela ya rufe ido. "Bar ni da abin da ke damuna."

Mai Sawu ya juya ga Malama. Tana zaune a bakin kujera, ta dafe ƙugu da hannu ɗaya. Shekararta talatin da huɗu, amma wata biyar na ɗaga uba da kwantar da shi sun mayar da ita kamar 'yar arba'in da biyar.

"'Yata, ina kike lokacin?"

"Ina banɗaki, Kawu. Ina wankin zanen gado. Da na fito na ga haka."

"Yaushe kika ba shi na ƙarshe?"

"Ƙarfe shida."

"Saura kamar yaya a kwalbar?"

"Kamar rabi." Ta yi doguwar hamma, ta share hanci da gefen mayafi. "Ka yi haƙuri, mura ke damuna."

"Allah ya sawwaƙe. Auta fa, bai ce miki zai je wani wuri ba?"

Ta dubi ƙasa. "Bai ce ba."

Daga kan katifa Tela ya saki wani nishi mai tsawo, ya damƙe zanen gado har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Malama ta miƙe da sauri, ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ba abin da za ta ba shi.

* * *

Sista ta iso ƙarfe tara, jaka a kafaɗa. Da ta ji labari fuskarta ta canza.

"Rabin kwalba? Baba, wanda ya ɗauki wannan in ya kurɓe shi kamar yadda suke kurɓar maganin tari, barci zai yi, numfashinsa ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ba zai kai azahar ba. Sai an nemo shi yanzu."

Maganar ta zagaya gidan kamar wutar kara. Wata ta fara salati. Sista ta buga waya asibiti a kawo wa Tela allura, aka ce sai likita ya fito daga tiyata ya sa hannu.

Mai Sawu ya koma bayan gida ya bi sawun robar. Daga tagar ya miƙe ya bi gefen katanga, ya ratsa ta bayan banɗakuna, ya shiga wata tsohuwar rumfar kwano inda ake jibge tarkace. A nan, bayan wata tsohuwar taya, kwalbar take kwance, murfinta a gefe. Babu ko ɗigo a ciki.

Ya ɗauka wani ya shanye. Sai kuma ya ga wani sawun, na silifas, ya shigo rumfar ya taka kan na robar, yana tangaɗi. A lungu an tara ƙananan ledojin giya, sababbi da tsofaffi.

Bai sha wahalar gane mai silifas ɗin ba. Bakanike ne, mai ɗaki na uku. Suka tarar da ƙofarsa a rufe, aka buga, shiru. Aka sake bugawa, shiru. Mai Gida ya sa kafaɗa ya ɓalle ta. Bakanike na kwance rub da ciki a ƙasa, ƙafa ɗaya a kan gado.

"Innalillahi! Ya mutu!"

Sista ta ture su ta durƙusa. Ta juya shi, ta ɗaga fatar idonsa ta haska, ta sansana bakinsa, ta yi tsaki.

"Wannan ba maganin ba ne. Giya ce." Ta danna cikinsa da ya kumbura, ta dubi ƙafafunsa da suka yi suntum. "Dubi farin idonsa, ya koma ruwan ɗorawa. Hantarsa ce take gamawa. Na gaya masa tun bara."

Aka yayyafa masa ruwa, ya farka yana zare ido. Mai Sawu ya sallami kowa, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Me ka je yi rumfa da sassafe?"

"Ni? Fitsari."

"Ga banɗaki huɗu a gidan. Ka ga, ni ma na sha abin nan shekara goma sha ɗaya. Na san wanda bai iya riƙe sifana da safe sai ya kora. Ba wa'azi na zo yi maka ba. Wa ka gani?"

Bakanike ya dubi hannuwansa da ke karkarwa, ya cusa su tsakanin cinyoyi. "Wallahi ban ga kowa ba, Baba. Na dai ji kamar an jefar da abu, sai taku ya bi ta ɗaya gefen. Na ɗauka ni ake leƙe, na laɓe."

"Takun gudu?"

"A'a. Kamar mai jan ƙafa."

* * *

Ƙarfe sha ɗaya saura Auta ya shigo layin, hannu a aljihu, bai san wainar da ake toyawa ba. Bai kai get ba suka rufe shi. Wani ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya kai masa gora a kafaɗa.

"Ɓarawo! Maganin ubanka ma ba ka bari ba!"

"Wane magani? Me ya sami Baba? Ku sake ni, me ya sami Baba?"

Mai Sawu ya fito yana ɗingishi, ya sa sandarsa tsakaninsu. "Wanda ya sake taɓa shi, ni zan kai sunansa ofishin 'yan sanda da bakina." Ya ja Auta zuwa cikin gida, leɓensa na jini. Sista ta haska idonsa, ta kama hannunsa ta ƙirga bugun jini.

"Garau yake. Bai sha komai ba."

"To ya sayar!" wani ya yi ihu daga waje. "Ya juye a wata kwalbar ya sayar!"

Mai Sawu ya dubi ƙafar Auta. Kambas ne.

"Ina ka je, ɗana?"

Auta ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya. "Cibiya. Duk Talata nake zuwa, a gwada fitsarina, mu zauna da sauran. Ba na son mutanen gidan nan su sani, sun ishe ni da kallo. Tun ana ruwa na fita don in sami layi." Ya zaro kati daga aljihu, da hatimin ranar a jiki. "Ai Yaya ta sani. Ita ta tashe ni ma."

Mai Sawu ya karɓi katin, ya daɗe yana kallonsa, ko da yake ba karatun yake ba.

"Ita ta tashe ka," ya maimaita a hankali.

* * *

Mai Gida ya ja shi gefe. "Baba, ita Sistar nan fa? Ana cewa irinsu suna karkatar da magani su sayar. Wa ya sani ko ita ta turo wani?"

"Ana cewa. Wa ya ce?"

Mai Gida ya sosa ƙeya. Duk da haka Mai Sawu ya sami Sista a bakin famfo tana wanke hannu.

"Yaushe kika kawo kwalbar nan?"

"Sati uku da suka wuce, a rufe da hatiminta. Na san abin da ake raɗawa, Baba, kunnena na ji. Duk wanda ke so ya je asibiti ya duba takardu."

"Ba wannan na tambaya ba. Maganin yana yi masa aiki?"

Ta kashe famfon. "Abin da ke damuna ke nan. Da yana samun barci. Sati biyun nan kuwa kamar ba a ba shi komai. Na ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Jiya na ce wa Malama yau zan zo in tafi da kwalbar, likita ya duba ko za a canza masa wani."

"Jiya kika gaya mata?"

"Jiya da yamma."

"Yaya ɗanɗanonsa yake?"

"Zaƙi ne da shi kamar zuma, don a ɓoye ɗacin. Shi ya sa nake cewa a riƙa goge bakin kwalbar, in ba haka ba tururuwa ta cika kabad."

Mai Sawu bai ƙara tambaya ba. Ya koma rumfar kwanon. Ɗazu hankalinsa na kan sawu, bai dubi ƙasar da kyau ba. Ruwan sama bai shiga rumfar ba, ƙasar a bushe take, amma kusa da tayar akwai wuri ɗaya da ya jiƙe, faɗin tafin hannu biyu. A nan aka tsiyaye kwalbar. Ya kwanta a kan gwiwar hannu, ya kai ido kusa.

Layin tururuwa ya fito daga gindin katanga, baƙi ƙirin, ya nufi ledojin Bakanike. Ya zo daidai wurin da ya jiƙe, ya kauce, ya wuce abinsa. Awa huɗu ke nan da zubar da rabin kwalbar abu mai zaƙi kamar zuma, amma ko tururuwa ɗaya ba ta tsaya a kai ba.

Ya dangwali ƙasar ya kai harshe. Ya kifa kwalbar a tafin hannunsa ya lasa. Sai ya zauna a kan tayar, ya daɗe bai tashi ba. Mai riƙe da makullin kabad ɗin nan, tun tana goye a bayan uwarta ya san ta.

* * *

Ƙarfe ɗaya da rabi ya ce a rufe get, samari su tsaya a waje. Ya tara mutum biyar a ɗan falon da ke gaban ɗakin Tela: Mai Gida, Sista, Bakanike, Auta da Malama. Labule ne kawai tsakaninsu da mara lafiya, ana jin nishinsa. Har yanzu allurar ba ta iso ba.

Mai Sawu ya ajiye kwalbar a kan tebur.

"Zan faɗi abin da ƙasa ta gaya min, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Auta ya fita ana ruwa, ɗigon ruwa na cikin sawunsa. Wanda ya je bayan taga bayan ruwa ya ɗauke ya je. Takalmin na Auta ne, amma ƙafar da ke ciki ba tasa ba ce. Ƙarama ce, tana yawo a cikin takalmin. Takun gajere ne, kuma ana jan ƙafar hagu, irin tafiyar mai ciwon baya."

Bakanike ya saki ajiyar zuciya. Malama ba ta motsa ba. Sanyi ake yi, amma gumi na bin goshinta.

"Mun yi ta tsoron wani zai mutu don ya sha rabin kwalba. Ba wanda ya sha. Zubarwa aka yi a rumfa. Na tambayi kaina, wane irin ɓarawo ne zai yaga taga don ya zubar da abin da ya sata? Sai tururuwa ta ba ni amsa. Ba ta taɓa wurin ba. Abin da ke cikin kwalbar nan ruwa ne. Ruwan famfo."

Sista ta dafe baki.

"Ba yau aka saci maganin Tela ba. An daɗe ana ɗiba kaɗan-kaɗan, ana cikawa da ruwa, har maganin ya ƙare ruwa ya rage. Yau Sista za ta tafi da kwalbar asibiti. Shi ya sa dole kwalbar ta ɓace kafin ƙarfe tara." Ya sassauta murya. "Makulli ɗaya ne. Ba zan kira suna ba. Amma akwai yaro a nan da leɓensa ya fashe, kuma mutanen waje suna jira."

Auta ya dubi Mai Sawu, ya dubi yayarsa. Ya ga hammar da take dannewa, da ruwan da ke zuba daga hancinta, da tsikar jikinta da ta tashi a damtse, da ƙafarta da ke rawa ba ta iya tsayar da ita. Shi ya fi kowa sanin wannan murar.

"Yaya," ya ce. "Kwana nawa rabonki da shi?"

Sai ta zame daga kujera ta zube ƙasa.

"Biyu," ta ce. "Kwana biyu. Wallahi ban yi niyya ba. Ranar da na ɗaga Baba daga banɗaki bayana ya amsa, na kasa miƙewa, ga shi ba mai taya ni. Na ce bari in lasa rabin cokali in iya tashi. Na lasa, ciwon ya tafi. Ba ciwon bayan kaɗai ba, har abin da ke danne min ƙirji tun da aka ce ba zai warke ba. Na yi barci, rabona da barci irin wannan na manta. Washegari na ce na ƙarshe. Kullum cewa nake na ƙarshe. Daga baya in ban sha ba sai amai da gudawa, ƙasusuwana kamar ana sara. Ina ba shi ruwa a cokali, yana kallona yana cewa Allah ya yi min albarka."

"Takalmina fa?" Auta ya tambaya.

"Su na gani a bakin ƙofa, ga taɓo. Ban yi tunani ba. Sai da Mai Gida ya ce ina Auta, sannan na gane abin da na yi. Na so in yi magana, bakina ya ƙi. Na ji suna dukanka, ina nan a zaune."

Mai Gida ya miƙe. "Ke? Ke da muke kafa misali da ke a gidan nan?"

"Zauna," in ji Mai Sawu. "Laifi tudu ne. Wata biyar yarinyar nan tana ɗaga namiji ita kaɗai, wa ya taɓa karɓar ta ko na yini ɗaya? Har ni da nake kiran kaina abokinsa."

Daga bayan labule muryar Tela ta fito, siririya.

"Ku ɗaga labulen."

Auta ya ɗaga. Tsohon ya juyo da kai da ƙyar, idonsa na kan ɗansa.

"Na san ruwa ne. Ciwo ya ci ƙashina, bai ci harshena ba. Sati biyu ke nan na sani." Ya tsaya ya ja numfashi. "Na ɗauka kai ne, Auta. Na ce in na yi magana za su mayar da kai can, ko su ɗaure ka. Na ce gara in daure. Ka yafe min, ɗana. Ban tambaye ka ba, na yanke maka hukunci a raina."

Auta ya tsaya riƙe da labulen, hawaye na gangarowa kan leɓen da ya fashe. Malama ta kifa fuska a siminti tana kuka mara sauti. Sai aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Allurar ce ta iso.

* * *

Mai Sawu ne ya fita ya sallami samarin. Ya ce musu ba Auta ba ne, kuma wanda ya kai masa gora ya zo ya ba shi haƙuri kafin rana ta faɗi. Da suka tambayi ko wane ne, ya ce maganar gida ce, ta ƙare a gida. Ba ta ƙare a gida ba, kafin yamma duk layin ya ji. Amma ba a kira 'yan sanda ba. Sista ta ce dole ta rubuta wa asibiti gaskiyar abin da ya faru, kuma ta rubuta. Daga ranar makullin ya koma hannun matar Mai Gida, matan gidan suka raba jinyar a tsakaninsu, abin da ya kamata a yi tun wata biyar baya.

Tela ya yi barci a ranar, barci mai nauyi, bakinsa a buɗe. Ya ƙara kwana arba'in da ɗaya a duniya, mafi yawansu ba tare da ihu ba. Bakanike ya je asibiti sau ɗaya, aka ce ya daina ko ya mutu, ya daina na sati biyu.

Malama kuwa, a yammacin nan jikinta ya rikice, amai ya ƙi tsayawa. Sista ta ce kada a bari ta yi wannan yaƙin a gida, a kai ta cibiya a rage mata a hankali. Ta ƙi fita. Ta ce ba za ta iya ratsa layin nan ba, yaran da ta koyar suna kallo.

Auta ya shigo da 'yar jaka, ya zuba mata kaya kala biyu da buroshi da tawul. Tun rana bai yi mata magana ba. Ya durƙusa ya sa mata takalmi da hannunsa.

"Tashi, Yaya."

"Auta, ba ka ce min komai ba. Ka zage ni mana."

"Ba yau ba. Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce." Ya kama damtsenta ya ɗaga ta. "Amma ki saurare ni. Gobe sai ta fi yau muni. Za ki roƙe su, za ki zage su, za ki rantse da Allah cewa cokali ɗaya kawai kike so. Kada ki yarda da bakinki. Ranar Talata zan zo gwajina, zan leƙo ki."

Mai Sawu ya buɗe musu get. Layin cike yake da mutane, kowa ya sami abin yi a ƙofar gidansa. Malama ta ja baya. Auta ya ƙara riƙe ta.

"Kada ki kalli ƙasa," ya ce. "Ki kalli gaba. Kallon ba ya kisa, na gwada."

Suka taka suka fita, tana jingine a kafaɗarsa. Mai Sawu ya mayar da get ya rufe, ya koma ya ja kujera kusa da katifar abokinsa, ya zauna jiran ya farka.